Masu Raka Mai Shaida

Ranar 28 ga Janairun 2009, kwana biyu da buɗe shari'ar farko a tarihin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan, aka shigo da wani matashi daga yankin Ituri na gabashin Kwango. Shi ne shaidar farko a kan Thomas Lubanga, madugun 'yan bindigar da ake tuhuma da sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin soja. An ɓoye sunan matashin, an jirkita muryarsa, an dusashe fuskarsa a hoton da 'yan kallo ke gani. Amma duk wannan don mutanen waje aka yi. A cikin zauren, tsakaninsa da Lubanga 'yan taku ne, suna ganin juna ido da ido. Fatou Bensouda 'yar Gambiya, wadda a lokacin take mataimakiyar babban mai gabatar da ƙara, ita ta fara yi masa tambayoyi, ya ce mayaƙan Lubanga ne suka tare shi yana dawowa daga makaranta suka tafi da shi. Aka tafi hutu aka dawo, sai ya janye maganarsa: wai abin da ya faɗa ɗazu ba haka ya faru ba, koya masa aka yi.

Aka dakatar da sauraronsa. Bayan kimanin mako biyu ya dawo kujerarsa a gaban alƙalai uku da Adrian Fulford ɗan Ingila ke jagoranta, ya tarar zauren ya canja. An rage mutanen ciki, an kare Lubanga daga inda idon matashin zai kai, ko da yake shi Lubangan yana kallonsa ta allon talabijin, sannan aka bar shi ya kwararo labarinsa tun daga farko ba mai katse shi. Wanda ya kasa kai yini guda a zuwan farko, a wannan karon ya yi magana har ya gama, ya kuma amsa tambayoyin lauyoyi.

Masu tsara irin wannan dawowa ba a jin sunansu a rediyo, ba sa sa baƙar riga, hukunci ma ba ya ambatonsu. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun, ita ta tanadi ofishinsu a sashe na 43, ta kuma sharɗanta lallai a samu a cikinsu masu ilimin kula da wanda tashin hankali ya taɓa wa zuciya, har da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Akwai waɗanda suka fito daga aikin ɗan sanda, akwai ma'aikatan jinya da masana halayyar ɗan Adam, akwai direbobi da masu jin harshen mai shaida. Ba a sa su ƙarƙashin mai gabatar da ƙara ba. Ƙarƙashin magatakardan kotu suke, wanda ba shi da ɓangare, don haka shaidar mai ƙara da ta wanda ake ƙara duk ta hannunsu suke biyowa. A ganina gwanintar aikin daga nan ta taso. An ɗora musu nauyin mutum ɗungurungum, cinsa da barcinsa da lafiyarsa da ransa, amma an haramta musu taɓa abu ɗaya tak da aka kawo shi dominsa, wato maganar da zai faɗa.

Da tsada aka koyi wannan sana'a, kuma babbar makarantarta a Afirka take. Bayan kisan ƙare-dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a Ruwanda a 1994, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa kotu ta musamman a watan Nuwamban shekarar, aka ajiye ta a Arusha ta Tanzaniya. Kafin ta rufe a ƙarshen 2015 ta tuhumi mutum 93, ta saurari shaidu sama da 3,000. Kotu tana wata ƙasa, shaidu suna wata. Ba ta da rundunar 'yan sanda tata. Da yawa daga cikin shaidun kuwa manoma ne, suna zaune a tudu ɗaya da dangin waɗanda za su je su tona, rijiya ɗaya suke sha, majami'a ɗaya suke zuwa.

Shari'ar farko ita ce ta Jean-Paul Akayesu, shugaban ƙaramar hukumar Taba. A Disambar 1996, saura 'yan makonni a fara, 'yan bindiga suka kashe wani mutumin garin da ya yarda zai yi shaida, tare da 'yarsa. Matarsa, Godeliève Mukasarasi, wadda ta kafa ƙungiyar zawarawa da marayu ta SEVOTA a nan Taba, ba ta ja da baya ba. Ita ta riƙa zama da matan da aka yi wa fyaɗe tana ƙarfafa musu guiwa, har wasunsu suka yarda su hau jirgi zuwa Arusha. Da haruffa kotu ta san shaidun wannan shari'a. Wadda ake kira J ce, a Janairun 1997, ta ambaci abin da aka yi wa 'yarta mai shekara 6, alhali babu maganar fyaɗe a takardar tuhuma. Alƙalai suka bi zancen da tambayoyi, musamman Navanethem Pillay 'yar Afirka ta Kudu, mace tilo a cikinsu. A watan Yuni aka gyara tuhumar, a Oktoba wadda ake kira JJ ta zauna ta faɗi abin da aka yi musu a harabar ofishin ƙaramar hukumar. Ranar 2 ga Satumban 1998 aka sami Akayesu da laifin kisan ƙare-dangi, karon farko a wata kotun duniya, aka kuma lissafa fyaɗe cikin hanyoyin aikata shi. Yau ɗaliban lauya a ko'ina suna karanta wannan hukunci. Ba kasafai ake gaya musu cewa sai da wani ya san yadda zai fitar da waɗannan mata daga Taba, ya kai su Arusha, ya mayar da su gida, kafin a sami abin rubutawa ba.

To, yaya ake ɗauke mace daga ƙauye mako ɗaya ko biyu ba a gane inda ta je ba? Duk wanda ya tashi a karkara ya san zancen duniya ba ya ɓuya. Farar mota mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya ƙofar gida sau ɗaya, shi ke nan, duk haruffan da za a laƙa wa matar a kotu sun tashi a banza. Shi ya sa gwanin aikin ba ya zuwa gida. A wani gari ake haɗuwa, ko a kasuwa ranar da take ci, ko a asibiti, inda ganin mutum ba ya jawo tambaya, kuma da motar da ba ta bambanta da ta kowa ba. Sai a zauna da mai shaidar a tsara dalilin tafiya wanda maƙwabta za su yarda da shi, ita ce kuma za ta zaɓa, don ita ta san abin da zai shiga kunnen mutanenta: ganin likita a birni, ko jinyar 'yar'uwa. Daga nan sai ƙananan tambayoyin da babu su a littafin doka. Wa zai riƙe yara? Akwai goyo? Wa zai duba tsohuwa? Lokacin shuka ne ko na girbi? Mijin ya san abin da aka yi mata a lokacin yaƙi, ko kuwa wannan tafiyar ce za ta tona? Wannan ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin akwai matan da tsoron masu kisa bai kai musu tsoron ranar da miji ko surukai za su ji ba.

Maganar kuɗi kuwa siraɗi ce. Dokokin kotun Heg sun tanadi guzuri, da kuɗin kula da waɗanda mutum ya bari a gida, da mayar masa abin da ya rasa na sana'arsa, don bai kamata talaka ya yi asara saboda ya faɗi gaskiya ba. Amma da zarar abin ya wuce ƙima, ya zama toshiyar baki, ko ya yi kama da ita, kuma lauyan wanda ake tuhuma yana nan yana jira. A shari'ar Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya da kotun musamman ta Saliyo ta yanke wa shekara 50 a 2012, lauyoyinsa sun sha titsiye shaidu a kan kuɗin da ofishin mai gabatar da ƙara ya kashe musu. Saboda haka ma'aikacin kirki yana biya bisa ƙa'idar da aka rubuta, kowane kwabo da takardarsa, ko da zuciyarsa tana son ya ƙara.

Sai tafiya. Wasu ba su da fasfo, ba su da takardar haihuwa, ba su taɓa shiga jirgi ba. Kotun Arusha ta riƙa ɗauko su daga Kigali a ƙaramin jirginta, ta sauke su a gidajen da ba a bayyana inda suke ba. Wanda za a kai Heg kuwa, a ce daga dajin Ituri cikin watan Janairu, sai an tanadar masa rigar sanyi da takalmi tun kafin ya sauka, a nuna masa yadda ake hawa lif, a nemo abincin da cikinsa ya sani, a tambayi lokacin ibadarsa. Ma'aikaciyar jinya za ta duba shi, don ciwon haƙori ko hawan jini na iya rushe shaidar da aka shekara ana jira, kuma wanda za a ce ya nuna wuri a taswira ya kamata a fara sanin ko yana buƙatar tabarau. Ana kuma lura da wa zai haɗu da wa. Shaidar mai ƙara ba ta kwana gida ɗaya da ta wanda ake ƙara, kuma ko 'yan ɓangare ɗaya ne ana hana su tattauna abin da za su faɗa, kada gobe a ce haɗa baki suka yi.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin shi ne wanda ya fi kowanne arha. Kafin ranar shaida, ana kai mutum zauren kotu lokacin da babu zama. A zaunar da shi a kujerar da zai zauna, a sa masa na'urar kunne, a kunna makirufo ya ji muryarsa. A nuna masa: nan alƙalai za su zauna, nan masu gabatar da ƙara, can wanda ake tuhuma, ga masu gadi a gefensa, ga ƙofar da za ka shigo, ba ita ce tasa ba. A bayyana masa cewa muryar da zai ji a kunne ta tafinta ce, ya riƙa magana a hankali don tafinta ya cim masa. Sannan a gaya masa abin da mutanen karkara da yawa ba su taɓa jin an halatta musu a gaban hukuma ba: yana da damar ya ce bai sani ba, ya ce ya manta, ya ce bai gane tambayar ba a maimaita, ya nemi ruwa, ya nemi a dakata ya huta. Wanda ya saba duƙawa gaban manya yana amsa "to" ga duk abin da aka ce, in ba a gaya masa haka ba, zai amsa abin da bai gani ba don kawai kada ya ba alƙali kunya. Lauyoyin ɓangarorin biyu ma sukan zo a gaisa, gaisuwa kawai, don kada ya fara ganin fuskar mai yi masa tambayoyin ƙure a ranar da zai ƙure shi. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

A nan ne kuma iyakar take. Ana ba mai shaida bayanin da ya yi wa masu bincike tun shekarun baya ya sake karantawa, ko a karanta masa in bai yi boko ba, amma mai karantawar ba ya ƙara ko wasali, ba ya ɗaga murya a wani layi, ba ya cewa ka riƙe wannan. A 2007 alƙalan shari'ar Lubanga sun hana masu gabatar da ƙara su zauna da shaidunsu suna bitar tambayoyi kafin zama, abin da kotun Arusha da ta tsohuwar Yugoslabiya suka halatta. Daga baya wasu alƙalan Heg ɗin sun sassauta, har yau ana muhawara. Amma a kan ma'aikatan kula da shaidu babu muhawara. Ka ɗauka mace ce ta kwana uku a hannun wata ma'aikaciya, sun ci tare, ta yi kuka a kafaɗarta, ta fara kiranta yaya. Daren jajibiri barci ya ƙi zuwa, sai ta ce, "Yaya, in suka tambaye ni ranar da abin ya faru, me zan ce? Na manta." Ma'aikaciyar tana iya sanin amsar. Abin da za ta faɗa dai bai wuce, "Ƙanwata, abin da kika tuna za ki faɗa, wanda kika manta ki ce kin manta." Sai ta dafa mata shayi, ta zauna da ita har ta yi barci. Aikin ungozoma ke nan: ta riƙe, ta lallasa, ta share gumi, amma naƙudar ta mai ciki ce. Da zarar an rantsar da mai shaida kuwa, ba shi da izinin tattauna shaidarsa da kowa har ya gama, ko da za a kwana biyar ana yi, kuma waɗannan ma'aikata ne kaɗai abokan hirarsa, hirar ƙwallo da damina da tsadar kaya.

Kariyar cikin zaure hawa-hawa ce, alƙalai ke ba da izininta gwargwadon haɗarin da aka auna. Akwai laƙabi maimakon suna. Akwai jirkita murya da dusashe fuska. Tsakanin 'yan kallo da zauren Heg gilashi ne, ana sauke labule lokacin da mai shaida zai shigo ko zai fita. In tambaya za ta kai ga sunan ƙauye ko na dangi, sai a kashe lasifikar 'yan kallo na ɗan lokaci, in ta kama a rufe zaman gaba ɗaya. Hoton da ake watsawa ta intanet ma ana jinkirta shi minti 30, domin in wani ya yi suɓutar baki ya ambaci suna, a goge kafin ya fita duniya. Mai rauni sosai ana iya barin masanin halayya ko wani na kusa ya zauna gefensa, ko ya yi magana ta bidiyo daga wani wuri. A Ingila wata doka ta 1999 ta kai ga ba alƙali da lauyoyi damar tuɓe hular gashin nan da baƙar riga in yaro ko mai rauni zai yi shaida. Mu da muka gaji hular daga wurinsu har yanzu muna ɗaurawa cikin zafin bazara. Wanda ya tona sunan shaida kuma akwai hukunci: Vojislav Šešelj, ɗan siyasar Sabiya, sau uku kotun Yugoslabiya tana ɗaure shi tsakanin 2009 da 2012 saboda bayanan shaidun da ya wallafa a littattafansa da shafinsa na intanet.

Kada mai karatu ya ɗauka ana ɓoye mai shaida ne ga wanda ake tuhuma. A mafi yawan lokuta shi da lauyoyinsa sun san ko wane ne, jama'a ake ɓoye wa. Dalili kuwa mai ƙarfi ne. A shari'ar Duško Tadić, ta farko a kotun Yugoslabiya, wani shaida da ake kira L ya ba da labarin kashe-kashe masu tayar da hankali, ya ce mahaifinsa ya mutu a yaƙin. Lauyoyin Tadić, da yake sun san sunansa, suka bincika suka samo mahaifin da ransa, a 1996 masu gabatar da ƙara suka janye shaidar. Da an rufe musu sunan, da ƙaryar ta wuce. Shi ma matashin nan na Ituri, da aka zo hukunci a Maris na 2012, alƙalai ba su dogara da maganarsa ba, haka sauran waɗanda aka gabatar a matsayin tsofaffin yaran soja, saboda shakkun da ya dabaibaye wasu 'yan tsakani da ofishin mai gabatar da ƙara ya yi aiki da su a Kwango. Da hotunan bidiyo da wasu shaidun aka kama Lubanga, aka yanke masa shekara 14. Wani zai ce ashe wahalar banza aka yi. Ni ban ga haka ba. Ba a ɗora wa mai kula da shaida ya tabbatar da gaskiyar magana ba. Nasa shi ne ya cire tsoro daga hanya, don in alƙali ya auna maganar ya san ita ya auna, ba rawar jiki ba.

Inda hannun waɗannan ma'aikata ba ya kaiwa shi ne lokacin tambayoyin ƙure. Nan sai abin da alƙali ya yi. A Oktoban 2001, a shari'ar Butare da ta haɗa da Pauline Nyiramasuhuko, tsohuwar ministar harkokin iyali da mata, da ɗanta, wata mata da ake kira TA ta shafe kwanaki tana amsa tambayoyi filla-filla a kan fyaɗen da aka yi mata. Ana cikin haka aka ga alƙalai suna dariya. Daga baya aka ce salon tambayar lauyan ne ya ba su dariya, ba matar ba. Ko ma dai mene ne, ita ce ke zaune a kujerar. Labarin ya isa Ruwanda, a 2002 ƙungiyoyin waɗanda suka tsira, Ibuka da Avega, suka yanke hulɗa da kotun, shaidu suka daina zuwa, shari'o'i suka tsaya cik. Ga kuma wani abin kunyar: waɗanda ake tsare da su a Arusha suna samun maganin cutar ƙanjamau a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, matan da suka kamu da ita ta hanyar fyaɗe suka zo suka yi shaida suna komawa gida hannu rabbana. Sai da aka yi ta surutu kafin a gyara, asibitin kotun da ke Kigali ya riƙa ba shaidu magani. Yawancin ƙa'idojin da ake yabo yau, irin waɗannan kurakurai ne suka haife su.

Ranar da aka ce wa mai shaida an gode, ya sauka, lauyoyi sun gama da shi. Su kuwa masu rakiya a ranar suke shiga rabi na biyu. Ba a ɗora mutum a jirgi da ɗumin abin da ya tono. Ana barinsa ya huce, a zauna da shi, a sake auna ko wani abu ya fita a zaure da zai sa a gane shi. A mayar da shi ta hanyar da ta dace da dalilin da ya bayar na tafiya. A bar masa lambar waya da ake ɗauka dare da rana, da mutanen da aka shirya a kusa waɗanda za su iya ɗauke shi zuwa wani wuri in an zo masa. Sauya wa mutum mazauni, a cikin ƙasarsa ko a wata, shi ne matakin ƙarshe, kuma gwanaye ba sa gaggawar kai wa nan. Kotun duniya ba ta da ƙasa tata, sai ta roƙi gwamnatoci su karɓa. Ga wanda aka ɗauke kuma, rabuwa ce da gona da dangi da kaburburan iyaye da harshen da yake mafarki da shi, saboda laifin da wani ya yi. Amanar ba ta ƙarewa da rufe kotu. Hukumar da ta gaji kotun Arusha ta ci gaba da riƙon shaidunta, kuma a Yunin 2021 ta sami Augustin Ngirabatware, tsohon ministan tsare-tsare na Ruwanda, da wasu mutanensa da laifin bin shaidu da kuɗi don su janye maganar da suka yi shekaru da suka wuce.

In ana son ganin abin da ke faruwa idan masu bin shaidu suka fi masu kare su ƙarfi, a dubi Kenya. Rikicin bayan zaɓen 2007 ya ci rayuka sama da 1,000. Da aka fara shari'ar William Ruto kan wannan rikici a Heg a Satumban 2013, shaidar farko mace ce da ta tsira daga cocin da aka ƙona a Kiambaa. Tana cikin ba da shaida wasu suka shiga yaɗa suna da hoto a intanet suna cewa ita ce. Shaidu suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A Disambar 2014 aka janye tuhumar da aka yi wa Uhuru Kenyatta kan rikicin, a Afrilun 2016 aka rufe ta Ruto ba tare da an wanke shi ko an kama shi ba. Alƙalin da ya jagoranci zaman, Chile Eboe-Osuji, ɗan Najeriya ne, kuma a rubuce ya nuna damuwa da katsalandan ɗin da aka yi wa shaidu da shigar siyasa cikin lamarin. Labule da jirkita murya ba sa tare wayar da ke aljihun kowa.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, a sashe na 232, ta ba alƙali damar rufe zama, ya ɓoye sunan shaida da haruffa, ya karɓi magana ta bidiyo ko daga bayan labule, a shari'ar fyaɗe da ta'addanci da safarar mutane da almundahana, jihohi da dama kuma sun yi tasu. Tun kafin ita ma, a shari'ar Kabiru Sokoto kan harin cocin Madalla, wadda ta ƙare da ɗaurin rai-da-rai a Disambar 2013, an ga shaidu da fuska a rufe. Sai dai rufe fuska shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. A ƙananan kotunanmu, mai shaida yakan zo ne da kuɗin motarsa, ya zauna benci ɗaya da dangin wanda zai yi shaida a kansa, su ƙare masa kallo tun safe har azahar, sannan a ce an ɗage. Ya zo na biyu, ya zo na uku, na huɗu ya ce ba ruwansa, a kori ƙara saboda rashin shaida, mu koma muna zagin alƙali. Malamanmu suna yawan wa'azi a kan zunubin ɓoye shaida, gaskiya ne kuwa, amma ayar bashi ta Suratul Baƙara da ta zo daf kafin wannan gargaɗi ta hana a cutar da mai shaida, wannan kuma ba a cika ja mana kunne a kansa ba.

Ba mu da kuɗin kotun Heg, ba kuma shi nake roƙo ba. Manyan alƙalan jihohi da kwamishinonin shari'a su ware ɗaki guda a kowace babbar kotu, mai ƙofa dabam, inda shaidun masu ƙara za su jira. A horar da ma'aikaci ɗaya, da mace ɗaya saboda shari'ar fyaɗe, waɗanda ba 'yan sanda ba, ba kuma yaran lauya ba, su riƙa zagayawa da mai shaida zaure kafin ranarsa, su kira shi a waya in an ɗage zama tun bai baro gida ba, su sake kiransa bayan mako guda su ji ko lafiya. Kuɗin motarsa, wanda doka ta riga ta ce haƙƙinsa ne, a ba shi a hannu ranar da ya zo. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran sabuwar doka daga Abuja. Umarnin babban alƙalin jiha ya isa.